Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnonin Arewa: Rarar Tallafin Mai Ta Iso Hannunku, Ina Rabon Asibitin Ƙauye?

Zuwa ga Ƙungiyar Gwamnonin Jihohin Arewa 19,
Ta hannun Shugabanta, Mai Girma Gwamnan Jihar Gombe, Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya.

Masu girma gwamnoni, assalamu alaikum. Ina gaishe ku da ƙoƙari, Allah Ya taya ku riƙo.

Buƙata ɗaya ce ta sa na rubuto muku. Ina roƙon ku mayar da jinyar mace mai ciki da ta yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta a dukkan jihohinku, ku sa abin a doka, ku kuma ware masa kuɗin da ba mai taɓawa daga cikin ƙarin da ya shigo asusunku tun bayan cire tallafin man fetur. Ni tsohon ma'aikacin lafiya ne, a ƙananan asibitocin karkara na yi aikina har na ajiye. Ba na riƙe da katin jam'iyyar ko ɗayanku. In kuma ana son sanin inda na karkata, ba abin ɓoyewa ba ne: ina cikin masu ganin cewa don talaka aka kafa gwamnati, kuma in za a raba nauyi, mai hali ya kamata ya ɗauki mafi yawa.

Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin mai ya tafi. Kafin a kwana biyu litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a shekarar da ta biyo. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da bakinta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, ta abinci kuwa ta daɗe tana shawagi a kusa da kashi 40. A farkon shekarar 2024 ne mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano saboda tsadar fulawa, mutanen Minna suka tare hanya, magidanta suka koma sayen afafata, ɓarzajjiyar shinkafar da a da kifi ake zuba wa.

Ba zan kare tsohon tsarin tallafi ba. Mai motoci goma da mai fasa-ƙwaurin mai zuwa ƙetare sun fi mai keke morarsa nesa ba kusa ba, kowa ya san haka. Amma hujjar da aka kafa mana ita ce kuɗin da za a ceto za su koma asibiti da makaranta. Talaka ya biya nasa kason tun ranar farko, a tashar mota da wajen mai niƙa da wajen mai awo. Kuɗin kuma sun fito, kuma babban kaso a cikinsu hannunku ya iso. Hukumar NEITI mai bin diddigin kuɗin mai da ma'adinai ta bayyana cewa abin da jihohi suka karɓa daga asusun tarayya ya tashi daga naira tiriliyan 3.58 a 2023 zuwa tiriliyan 5.81 a 2024, ƙarin kashi 62 cikin ɗari ke nan. Na san za ku ce nairar yau ba ta jiya ba ce, kuma mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 tun Yulin 2024. Gaskiya ne. To amma nairar da ke aljihun manomin Ƙauran Namoda ita ma ta karye, shi kuwa babu wanda ya ƙara masa kashi 62, kuma ba ya cikin masu ɗaukar albashi.

Abin da ya gani shi ne shinkafa. A watan Agustan 2023 aka sanar da ba kowace jiha naira biliyan 5 da tirelolin abinci don rage raɗaɗi. Aka yi layi, aka ɗauki hotuna, aka buga fuskar gwamna a jikin buhu. Wanda ya san kansila ya samu kwano biyu, wanda bai san kowa ba ya koma gida da ƙura a ka. A Maris ɗin 2024 ɗalibai mata biyu suka rasu a turereniyar rabon shinkafa a jami'ar jihar Nasarawa da ke Keffi. A wannan watan dai wasu mata suka rasu a Bauchi wajen karɓar sadakar wani attajiri. A Oktoba kuma, a garin Majiya na jihar Jigawa, sama da mutum 150 suka ƙone wajen kwasar man tankar da ta faɗi. An yi ta faɗa wa mutane su daina kusantar tanka, kuma faɗan daidai ne, sai dai wanda cikinsa ke cike ba ya fita da bokiti cikin dare don ya tari fetur a kwata.

Rabon buhu alfarma ce. Mai bayarwa shi ke zaɓar rana, shi ke zaɓar mai karɓa, kuma yana jiran godiya. Abin da nake nema muku ku kafa haƙƙi ne, wanda matar da ba ta taɓa ganin kansila ba za ta shiga asibiti ta karɓa ba tare da ta durƙusa wa kowa ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari mu dubi alƙaluman da hukumomin gwamnati suka fitar da kansu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a jihar Kebbi, cikin yara 1,000 da aka haifa, 252 ba sa kai shekara biyar. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A jihar Ogun adadin 30 ne. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, kundin tsarin mulki ɗaya. Wannan binciken ya ce a Arewa maso Yamma kashi 16 cikin ɗari ne kacal na haihuwa ake yi a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da rubu'in matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duk faɗin duniya 'yan Najeriya ne, kuma ba sai an yi duba ba kafin a san yankin da ya fi yawan makoki. A 2022 hukumar ƙididdiga ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa, jihar Sakkwato na kan gaba da kusan kashi 90 cikin ɗari na jama'arta. A cikin wannan hali ne fiye da kashi 70 cikin ɗari na duk kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan ke fitowa kai tsaye daga aljihun majinyaci.

Ku ba ni dama in nuna muku yadda wannan kashi 70 ɗin yake da ƙarfe biyun dare. Za a kawo mace a kan babur, an sa ta a tsakiya, miji na tuƙi, uwarta ko kishiyarta na riƙe da ita ta baya. Ta haihu a gida tun bayan isha, mabiyiya ta fita, jini ya ƙi tsayawa, zanin da aka naɗa mata ya jiƙe sharkaf. Asibitin ba wuta, da fitilar waya ake neman jijiya. Allurar tsayar da jini sanyi take so, firjin kuwa ya mutu tun bara, abin da ke cikin kwabar ba ka da tabbacin yana da sauran ƙarfi. Sai ma'aikaci ya yagi takarda ya rubuta: safar hannu, ledar ƙarin ruwa biyu, robar sa ruwa, sirinji, auduga. Miji ya karɓa ya ruga ya bubbuga ƙofar mai kemis. Mai kemis ya lissafa, miji ya laluba aljihu, abin da ke ciki bai kai rabi ba. Daga nan sai ya nufi gidan mai unguwa ko wajen mahauci ya jinginar da akuyar matar, ita kanta wadda ke kwance. Duk wannan zirga-zirgar jini na zuba. In abin ya fi ƙarfinmu muka ce a wuce babban asibiti, sai a koma neman motar haya, direba ya ce sai an ba shi kuɗin mai tukun, kuma a farashin yau. A can ma za a ce a kawo mai ba da jini, a biya kuɗin gwaji da na leda.

Abin da ke cin rai shi ne magungunan da ke raba matar nan da mutuwa ba masu tsada ba ne. Akwai ƙwayar misoprostol da ke tsayar da zubar jini, ba ta buƙatar firji, kuɗinta bai kai na lemun kwalba biyu-uku ba. Akwai allurar magnesium sulphate ta jijjigar masu ciki, ita ma mai araha. An san su shekara da shekaru. Rashinsu a kwabar asibitin ƙauye a daren da ake nemansu, wannan ba ƙaddarar talauci ba ce, shawara ce da wani ya yanke a ofis mai sanyi lokacin da ya ga takardar sakin kuɗin magani ya ture ta gefe.

Sau da yawa nakan ji manya na cewa matanmu ba sa son zuwa asibiti, wai jahilci ne da al'ada. Akwai wannan, ban musa ba. Amma magidancin da ya taɓa sayar da akuya a kan haihuwa ɗaya, in aka sake samun ciki lissafi yake yi, kuma lissafinsa ba na jahili ba ne.

Haka abin yake ga tamowa. Za ka naɗa wa yaro igiyar awo a damtse, ta faɗa kan ja, ƙasa da santimita 11 da rabi, gashin kansa ya yi ja ya kwanta, ko kukan kirki ba ya iyawa. Ka ba uwar ledojin abincin tamowa na mako guda, ka ja mata kunne cewa magani ne, na wannan yaron ne shi kaɗai. Ta ce to. Amma a gida akwai yayyensa uku da suka kwana da yunwa, kuma ita uwa ce. Mako na zagayowa sai ka ga nauyi bai motsa ba, kai ma ka san dalili, ka rasa bakin faɗa. A tsakiyar 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar saboda tamowa. Waɗanda suka iso asibiti ke nan. Kuma a farkon 2025 ɗin ne gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan agajin da take bayarwa a ƙetare, har ta kai ga rufe hukumar USAID. Wanda ya saba jingina da baƙo ya kamata ya ji a jikinsa. Ko gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum a 2010, baƙin likitoci ne suka fara lura da yawan sababbin kaburburan yara, ba hukumar da ke da alhakin yankin ba, kuma sai a 2013 aka saki kuɗin share gubar daga garin Bagega.

Akwai tambayar da duk wanda ya taɓa yawon rigakafi gida-gida a Arewa ya sha ta. Maigida zai tsaya a bakin zaure ya ce: "Me ya sa ɗigon shan inna kuke biyo mu da shi har ɗaka kyauta, amma in yaro na zazzaɓi muka kai shi wajenku sai ku ce mu sayo magani?" Mukan yi ta kame-kame, domin tambayar ta fi amsarmu ƙarfi. Mutanen nan ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, 11 suka rasu, shari'ar da sai a 2009 aka sasanta ta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. A kan wannan tabon ne jita-jitar 2003 cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa ta samu gindin zama har aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano na kusan shekara guda. An sha wuya kafin a dawo da yarda, da taimakon sarakuna da malamai, har aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a Agustan 2020. Amma yardar ba ta yi zurfi ba. Mashaƙon da ya ɓarke tun ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowa jin jiki, cuta ce da allurar jarirai ke karewa, kuma yaran da ba a yi wa allurar ba ta fi kama. Uwar da ta san in ta kawo ɗanta da zazzaɓi za a duba shi a ba shi magani ba tare da an tambaye ta ko sisi ba, ba sai an bi ta gida da kwalbar rigakafi ba, da ƙafarta za ta zo.

Kada wani ya ce abin ba ya yiwuwa a ƙasa matalauciya. Ku leƙa maƙwabta. A 2006, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, Jamhuriyar Nijar ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, tare da awon ciki da tiyatar haihuwa, bayan ta gina ƙananan gidajen lafiya kusan 2,000 a karkara. Mutuwar yara a can ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Ba kyautar ce kaɗai ta yi aikin ba, akwai rabon gidan sauro da yaƙi da tamowa, amma tana cikin manyan dalilai. Mutanenmu na kan iyaka shaida ne, matan Jibiya da kewaye sun daɗe suna tsallakawa da yara zuwa Ɗan Isa da Madarumfa a jihar Maraɗi. Ƙasa matalauciya irin wannan ita ke jinyar 'ya'yanku. Kuma a Nijar ɗin akwai darasi na biyu da ya fi na farko amfani gare ku: gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗin jinyar da suka yi kyauta, bashi ya taru, kwabobi suka bushe, kyauta ta koma suna. Shi ya sa na nace a kan doka da asusun da ba a taɓawa.

Mu ma nan gida mun ga irinsa har sau biyu, kuma duk a kan kuɗin mai. Da Janar Abacha ya ƙara farashin fetur a 1994 ya kafa asusun rarar kuɗin mai na PTF ƙarƙashin Janar Buhari. Tsofaffin ma'aikata suna tune da kwalayen magani masu tambarin PTF da suka cika asibitoci. A 1999 aka rushe shi, magani ya tafi da shi. Da Shugaba Jonathan ya rage tallafi a 2012 aka kafa shirin SURE-P da rarar kuɗin, aka tura ungozomomi ƙauyuka, har ana ba mai ciki naira 5,000 in ta cika awo ta haihu a asibiti. A 2015 gwamnati ta sauya, shiri ya mutu, ungozomomi suka tattara kayansu. A jihohi ma gwamnoni da dama sun sha shelar haihuwa kyauta a rediyo, wasu kamar shirin Haihuwa Lafiya na Jigawa sun taɓuka abin kirki, amma mafi yawansu kan bi mai su in ya sauka. Shirin da ke rataye a wuyan mutum ɗaya kamar rumfar biki ne, ana watsewa ake kwance ta.

Ba daga tushe za ku fara ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don asusun kula da lafiya a matakin farko, aka fara sa shi a kasafin 2018 da naira biliyan 55, kuma dokar ta nemi jihohi su kawo nasu kashi 25 a kan abin da za su karɓa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta tanadi asusun marasa galihu. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga matan da ba su da hali. Kusan dukkanku kuna da hukumar taimakekeniyar lafiya, sai dai akasarin waɗanda ke ciki ma'aikatan gwamnati ne da ake cira daga albashinsu, wato waɗanda suka fi sauran jama'a dama-dama. Wasunku, irin su Kano da Kaduna da Bauchi, sun sha rubuta wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi ko fiye, kamar yadda shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001. Madalla. Amma rubutawa daban, sakin kuɗi daban, kuma ko an saki, sau da yawa gini yake tafiya, domin gini ne ke da kwangila da ranar yanke ƙyalle. Na ga asibitin da aka yi wa sabon fenti da katanga da ƙofar ƙarfe, a ciki babu ko ƙwayar farasitamol.

Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati ta samar da isassun wuraren jinya ga kowa, sai sashe na 6 ya zagayo ya hana kotu sauraron ƙarar wanda aka hana shi. Wannan giɓin majalisun jihohinku na iya toshe shi. Dokar jiha na iya fayyace abin da mai ciki da ƙaramin yaro za su samu kyauta, tun daga awo da haihuwa da tiyata da jini, zuwa maganin zazzaɓin cizon sauro, ciwon haƙarƙari, gudawa da tamowa, har da motar kai majinyaci babban asibiti. Ta ce a cire kaso kaza daga kuɗin wata-wata tun kafin su shiga hannun kwamishinan kuɗi, a tura kai tsaye asusun kowane asibiti. A kuma liƙa takarda a ƙofar asibitin, da boko da ajami, mai nuna nawa ya shigo a watan nan da magungunan da ya kamata a samu, don kwamitin unguwa ya san abin da zai tambaya.

Sai maganar ina za a samo kuɗin, wadda ba a taɓa yin ta in za a sayo jerin motocin rakiya. An gina filayen jirgin sama a Dutse da Birnin Kebbi da Damaturu da Lafiya, waɗanda jirgi ke sauka jefi-jefi. Ana cirar kuɗin tsaro duk wata ba tare da wani mai bincike ya ga rasidi ba. Jihohi da dama na biyan tsofaffin gwamnoni fansho da gidaje da motoci, mutanen da wasunsu ke majalisar dattawa ko kujerar minista suna ɗaukar wani albashin. Majalisar Zamfara ta soke irin wannan doka a Nuwamban 2019, bayan tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta takardar neman naira miliyan 10 da dokar ta ba shi duk wata, kuma sama ba ta faɗo ba. Zan faɗi wadda na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba: a 2024 gwamnatin tarayya ta sa naira biliyan 90 a tallafin kujerar hajji, wasu jihohi suka ƙara nasu. Hajji kan mai iko ya wajaba, malamanmu ba su taɓa saɓani a kan haka ba. Ceton ran mai naƙuda kuwa yana wuyan mai mulki.

Harajinku ma a kife yake. Mai adaidaita sahu na yankar tikiti kullum, mai kayan miya na biyan kuɗin rumfa, mai kai tumaki kasuwa na biya a kara da kan hanya. Amma manyan gidajen Nasarawa a Kano da na Unguwar Rimi a Kaduna, da rukunin shagunan da ke tsirowa a kowane babban titi, da filayen da aka killace shekara ashirin ana jiran su yi tsada, nawa ke shigowa daga gare su? Sababbin dokokin harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun yafe wa mai samun naira 800,000 zuwa ƙasa a shekara, wannan mataki ne mai kyau. Harajin ƙasa da gidaje kuwa a hannunku yake, ba sai kun nemi izinin Abuja ba. Abin da ya hana a karɓa shi ne masu gidajen abokan cin abincinku ne.

Masu cewa kyauta na sangarta talaka, ina so su gaya mini wace kyauta. Ya biya a litar mai, ya biya harajin kashi 7.5 a katin wayarsa da sabulunsa. Waɗanda ake jinya da kuɗin gwamnati tun fil azal su ne manya. Shugabannin ƙasa biyu 'yan Katsina, Allah Ya jiƙansu, a asibitocin Saudiyya da Landan suka yi doguwar jinya suna kan mulki, kuma ban taɓa jin an ce abin ya sangarta su ba.

Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne a Arewa, ba kuma daga Turai aka ɗauko shi ba. Tun da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, siyasar talakawa take da gida a nan. Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba da dubban waɗanda ba a rubuta sunansu ba sun sha ɗauri da bulala a kanta. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, duk da an ce musu baitulmali zai rushe. A 2007 Sule Lamido ya sa dokar biyan naƙasassu naira 7,000 duk wata a Jigawa. Da yawanku kuna zuwa taron tunawa da Malam a Gidan Mumbayya kuna jawabi. Jawabin ba laifi, amma mutumin da kuke yabo ba da jawabi aka san shi ba.

Doka da kuɗi ba za su yi aiki ba in babu mai sa allura. Ministan lafiya ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru, waɗanda suka rage kuma sun taru a Legas da Abuja da manyan birane. Ba za ku iya gasa da Saudiyya ko Ingila a kan albashin likita ba. Amma asibitin ƙauye ungozoma yake nema da jami'in lafiya na al'umma, kuma makarantunku na yaye su duk shekara. Ga su nan suna aikin sa-kai shekara da shekaru ba takardar ɗauka, wasu sun gaji sun buɗe kemis. Ku ɗauke su, ku fifita 'yar garin da za ta zauna a garinsu, ku ba ta ɗaki mai ƙofa da fitilar sola da alawus na karkara da ake biya a kan kari. A yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka tarwatsa, inda asibitoci da dama ke rufe, a bi mutane da jinya zuwa garuruwan da suka yi gudun hijira. Sannan ku saki kuɗin ƙananan hukumomi kamar yadda Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024, domin ƙaramin asibiti a ƙasarsu yake, kuma asusun haɗin gwiwa ya daɗe yana shanye jininsu.

Na zaɓi rubuto wa ƙungiyarku ne maimakon gwamna ɗaya saboda na ga kuna iya haɗa kai in kun so. A 2020, lokacin korona, cikin 'yan kwanaki kuka amince a kwashi almajirai a manyan motoci a mayar da kowa jiharsa. A Oktoban 2024 kuka taru a Kaduna da sarakuna kuka yi fatali da ƙudirin haraji da murya ɗaya, saboda ya taɓa rabon kuɗin da ke shigo muku, kuma aka saurare ku aka gyara. Ban taɓa jin kun yi irin wannan zama a kan mata masu mutuwa wajen haihuwa ba. Haɗin kan yana da amfani ko ta fuskar ciniki: jihohi 19 in suka sayi magani da abincin tamowa a dunƙule za su samu rahusar da jiha ɗaya ba za ta samu ba, kuma jihar da ta fara ba za ta ji tsoron majinyatan maƙwabta su yi mata yawa ba.

Don haka ina roƙon Mai Girma Shugaban ƙungiya ya sa wannan batu a ajandar zamanku na gaba a Kaduna, a gayyato kwamishinonin lafiya da na kuɗi, a fito da daftarin doka guda da kowane gwamna zai kai majalisarsa kafin ya gabatar da kasafin shekara mai zuwa. Kowace jiha kuma ta riƙa bugawa duk wata uku nawa ta karɓa daga asusun tarayya, nawa ta saki wa ƙananan asibitoci, mata nawa suka haihu a cikinsu, nawa suka rasu. Wanda ya ƙi shiga, a faɗi sunan jiharsa a takardar bayan taro.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin lafiya mai ritaya,
Daga Arewa maso Yamma.